Injiniya Da Murar Turbo

Babu makarantar da ta ba shi sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma dage a kai har 'yan unguwa suka gaji suka bar masa kayansa. Tuƙi kam ya iya, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Cutarsa ɗaya ce: ba ya yarda a ce akwai abin da bai sani ba a jikin mota, alhali iyakar saninsa da inji shi ne inda ake zuba mai da inda ake zuba ruwa.

Bakin nan nasa ne ma ya samo masa mota. Yayan matarsa, wanda kowa a dangi ke kira Yaya, yana da ƙaramar bas mai shan dizal, wadda ke kwasar mata 'yan kasuwa da kayansu kullum bayan asuba, ta haura tudu da su zuwa babbar kasuwa. Sau uku matar Injiniya tana ɗaukar mayafi ta je gidan yayanta roƙon a ba mijinta tuƙin, don ya shekara yana zaune ba aiki. A zuwa na uku ya bi ta. Maimakon ya kama bakinsa ya bar ta ta yi magana, sai ya bugi ƙirji ya ce duk wanda ya ba shi mota ya samu direba ya samu bakanike a cikin riga ɗaya, kuma muddin yana numfashi bas ɗin nan ba za ta sake ganin ƙofar gareji ba. Yaya, wanda zaryar gareji ta daɗe da isarsa, ya miƙa masa makulli a kan wannan maganar. Ya ce ranar da maganar ta tashi, makulli ma ya tashi.

Wata huɗu ana zaune lafiya. Sai sanyi ya sauka, irin wanda mutum zai buɗe baki ya ga tururi na fita, ya taɓa ruwan randa ya fasa wanke fuska. Nan bas ta fara tsiya. Injinta yana da turbo, wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi da ke hura wa inji iska don ya yi ƙarfi. In yana aiki, da an taka totur za a ji shi yana wani siririn fito, mota ta zabura. To tun da sanyin ya zo, da an iso gindin tudu da sassafe fiton sai ya ɓace, a ji wani huci a madadinsa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe a baya, bas ta koma giya ɗaya tana rarrafe. Ranar Litinin wani dattijo a kan keke ya wuce su a tsakiyar tudun, kuma sai da ya samu sukunin gaisawa da matan ɗaya bayan ɗaya ta taga, har da tambayar mutan gida. Abin mamaki, da rana ta ɗaga gari ya yi ɗumi, sai bas ta koma lafiyarta garau.

Wani direban da ya ga haka hankalinsa zai tashi. Injiniya kuwa murna ya yi. A lissafinsa, duk wata mota mai turbo a garin tana fama da wannan ciwo, masu ita suna ɓoyewa ne kawai. Shi zai gano maganin, ya buɗe asibitin turbo, a kafa masa allo a bakin titi, direbobi su yi layi suna jiran ya gama karin kumallo.

A teburin mai shayi da ke gindin tudun ya bayyana bincikensa. Ya ce abin a fili yake: turbo iska yake shaƙa, duk abin da ke shaƙar iska hanci ne, kuma hancin da ya kwana yana shaƙar sanyi ba abin da zai kama shi sai mura. Hucin nan da ake ji toshewar hanci ne. Mai shayi ya tambaye shi ko a haɗa wa turbon kofi ɗaya mai citta, aka yi dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

A ƙarshen bencin akwai Baba bakanike, wanda garejinsa ke kallon teburin daga ƙetaren titi. Tsoho ne mara yawan magana, kuma kwana uku ke nan yana jin bas ɗin tana wucewa ta ƙofarsa tana huci. Ya ajiye kofinsa ya ce a kawo masa ita da sassafe, kafin ta yi ɗumi, ya saurare ta.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Injiniya, "wannan ba aikin guduma ba ne, aikin ƙwaƙwalwa ne."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Baba, ya ci gaba da shan shayinsa.

Maganin farko shi ne bargo. Da magariba Injiniya ya kwashe bargunan gidan kaf, ya lulluɓe inji, ya ɗauko ƙaramin na auta ya naɗe turbon da shi har da soke gefe, kamar mai shirya jariri. Matarsa da yara suka kwana a ƙudundune cikin zannuwa. Da ta yi magana ya ce mata haka ilimi yake, sai an sha wuya.

Da safe ya cire manyan barguna, ya manta da ƙaramin. Matan suka shiga da kwandunan tumatir da buhunan albasa. Shugabarsu, wadda ake kira Goggo mai ƙwai, ta zauna a kujerarta ta bayan direba, kiret-kiret na ƙwai jere a gabanta. Mace ce mai jiki da murya, shekara ashirin tana hawa tudun nan, kuma ita ke yanke wa sauran matan motar da za a shiga. Ba a kai rabin tudu ba ta fara buɗa hanci, ta tambayi wa ke babbaka a cikin mota. Kafin a ba ta amsa farin hayaƙi ya fara tsattsafowa ta gefen bonet. Injiniya ya taka birki ya dire, ya fizgo bargon yana ci da wuta, ya yi ta tsalle a kansa a tsakiyar titi, matan suna leƙe.

"Direba, wannan rawar ta mece ce?" in ji Goggo.

"Injiniya dai, Goggo. Zufa turbon ya yi, alamar sauƙi ke nan."

"To in ya gama zufar ka ce masa kasuwa ba ta jiran mai jinya."

Da azahar, a hanyar dawowa ɗaukar wasu kaya, bas ta haye tudun tana fito. Injiniya ya tsaya a teburin shayi musamman don ya tambayi jama'a ko sun ji.

Ran Laraba ya ƙara ƙarfin magani. Ya sayo man zafi babbar kwalba, ya buɗe matatar iska ya shafe ta ciki da waje, don turbo ya shaƙa hancinsa ya buɗe. Sannan ya tashi matarsa tun kafin asuba ta tafasa ruwa tukunya uku, ya ce gashi zai yi wa inji. Ya tsaya a kan bamba da buta yana kwarara ruwan zafi, tururi na tashi, maƙwabta na leƙowa ta katanga. Ruwa ya shiga wayoyi, ya shiga duk inda bai kamata ruwa ya shiga ba. Da ya murɗa makulli sai mota ta yi masa shiru.

Matan suna tsaye a tashar da ya saba ɗaukarsu, hannuwa a hammata, tun duhu-duhu har rana ta fito. Sai ƙarfe goma inji ya bushe ya tashi. Da suka shiga, warin man zafi ya bugi kowa, ido ya fara ruwa, wata ta yi atishawa bakwai a jere. Amma da yake gari ya riga ya yi ɗumi, bas ta haye tudun nan kamar ba ta ɗauki komai ba, turbo yana fito. Injiniya ya juyo yana tuƙi yana washe baki, ya ce gani ya kori ji. Goggo ta share hawaye da gefen mayafi ta ce gaskiya ne, maganin yana aiki, don ita murar da ta yi sati tana damunta ta tafi. Saura motar.

Sun isa kasuwa masu gidajen abinci sun riga sun yi sayayyarsu a wurin wasu sun tafi. Tumatir ya wuni a rana yana laushi. Da yamma Goggo ba ta je gida ba, gidan Yaya ta nufa. Ta ce masa Asabar ce babbar ranar ciniki, in bas ba ta sauke su a kasuwa kafin ƙarfe bakwai ba ranar, ita da matanta sun koma wata motar, kuma in sun koma sun koma ke nan. Yaya ya aiko wa Injiniya cewa ran Asabar da shi za a hau tudun, a kujerar gaba.

Ran Alhamis dabara ta uku ta zo masa yana wanka. Ai mai mura ba ya fita iska fuska a buɗe. Ya samo kwalayen taliya ya toshe gaban motar ruf, ya ɗaure da igiya, ko ƙuda ba zai samu hanyar shiga ba. Kuma abin haushi, ranar da sanyin safiya, bas ta taka tudun tana fito tun daga gindi. Injiniya ya danna hon a ƙofar garejin Baba har sau uku. Ya fara yi wa kansa kirari, yana gaya wa matan su riƙe ranar nan a ransu, don jikokinsu za su tambaye su ina suke lokacin da aka gano maganin turbo. Yana cikin jawabin bai lura da allurar zafi tana hawa ba. Suna kaiwa ƙolin tudu lagireto ya tafasa, ruwa ya yi tsiri ta ƙarƙashin bonet, kwalaye suka jiƙe suka zube a titi. Sauran hanyar a ƙafa matan suka ƙarasa ta, kaya a ka, Goggo a gaba tana faɗar maganganun da ba za a maimaita ba.

Da yamma Baba ya same shi yana ɗura wa lagireto ruwa. Ya tsaya ya ce masa a hankali, yadda ba wanda zai ji, yau ya kusa gano ta. Ya ce masa ya tambayi kansa mene ne a gaban motar da iska mai sanyi ke bugawa, wanda da ya samu ɗumi ya gyaru. Injiniya ya ce ai ya riga ya sani, magani ne ya yi yawa, kuma ba a koya wa likita awon magani. Baba ya gyaɗa kai ya wuce.

Ran Juma'a da safe matarsa ta zaunar da shi. Ta ce don Allah ya kai wa Baba motar nan, ko ta bayan gareji ce, ba wanda zai sani. Ya ce ta yaya ba za a sani ba, alhali ƙofar garejin tana kallon teburin shayi, kuma mai shayi ya fi rediyo. Ta ce to a sani mana, wa ya taɓa mutuwa don an ce bai san abu ba?

"Ke ba ki gane ba. Na faɗa a gaban Yaya."

"Na gane sarai, ai ina wurin. Ni na je gidansa sau uku, ba kai ba. Ni na zauna a tabarma matarsa tana kallona."

Maganar ta soke shi, don ya san gaskiya ce, kuma yana son matar nan. Sai dai shi irin mutanen nan ne da in kunya ta kama su, maimakon su ja da baya sai su ƙara mai. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, gobe Yaya da kansa zai zo gidan nan ya yi mata godiya da ta kawo irinsa cikin dangi.

Ranar gaba ɗaya ya yi ta wajen haɗa na'urarsa. Hujjar ita ce: turbo yana son iska mai ɗumi, ga kuma iska mai zafi tana fita ta salansa a banza, ana asararta. Me zai hana a juyo da ita gaba? Ya aro doguwar koriyar mesa ta roba wurin mai wankin mota, ya ce yanzu zai dawo da ita. Ya cusa baki ɗaya a salansa ya ɗaure da waya da tsinken tayar keke, ya bi da ita ta gefen bas, saman tagogi, ya zagayo gaba ya cusa ɗaya bakin a inda inji ke shaƙar iska. Ya sa mai fenti ya rubuta masa ɗan allo, ASIBITIN TURBO, ya jingine a gaban gilashi. Bai gwada ba, don a cewarsa gwaji na masu shakka ne. Ya dai bi unguwa yana gayyatar mutane su fito gindin tudu gobe su ga abin da ba a taɓa yi ba.

Kuma sun fito. Sanyin Asabar ɗin ya fi na kullum, amma teburin mai shayi bai taɓa cika haka ba. Direbobi sun tsaya, masu shaguna sun fito da makullai a hannu, mai wankin mota ya zo neman mesarsa ya gan ta a jikin bas. Yaya ya iso cikin farar riga sabuwar guga, ya zagaya motar sau ɗaya yana kallon abin da aka naɗa mata.

"Wannan kuma fa?"

"Fasaha ce, Yaya. Da numfashinta za ta riƙa jin ɗumi."

"Ka tabbata?"

"In ba ta hau tudun nan tana fito ba, a canza mini suna."

Goggo daga ciki ta ce ba sai an wahala ba, ita ta riga ta tanadi sunaye uku.

Aka rufe ƙofa. Injiniya ya ɗaga wa jama'a hannu, ya sa giya, ya taka. Bas ta taso da kyau har ta wuce teburin shayi ta kama tudu. Daga nan inji ya fara tari, don hayaƙin da ya fitar shi ake mayar masa ya shaƙa. Injiniya ya ce majina ce ke fita, ya ƙara taka totur. Mesar roba kuwa ba a yi ta don wuta ba. Ta yi laushi, ta saki jiki ta zazzago daidai tagogi, ta kumbura a tsakiya, sannan ta fashe a saitin tagar da gilashinta ba ya rufuwa. Baƙin hayaƙi mai maiƙo ya cika motar. Mata suka kama salati da tari, Yaya yana laluben mariƙin ƙofa bai gan shi ba. Inji ya yi wata shaƙuwa ya mutu, a daidai inda tudun ya fi tsayi.

Sai bas ta fara komawa da baya.

Injiniya ya taka birki ya ji shi tauri kamar dutse, don inji a mace birki ba ya kamawa sosai. Ya ja hambirki, nauyin kaya ya fi ƙarfinsa. A nan ne, a faɗi gaskiya, mutumin ya nuna abin da ya iya. Bakinsa ya mutu, hannunsa ya tashi. Ya leƙa kai ta taga, ido na hawaye, ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya. Ya kauce wa motar da ke biye da su, ya kauce wa mai kurar ruwa, ya goga tayar baya da gefen titi don ta rage gudu. Jama'ar teburin shayi suka watse da kofuna a hannu, amma ko benci bai taɓa ba. Ya hango tarin yashi a cikin wani fili mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ya karya sitiyari ya saita shi, bas ta shige ta nutsa bayanta a yashin ta tsaya cak.

Da hayaƙi ya lafa aka ga filin da ta shiga. Garejin Baba ne.

Matan suka firfito ɗaya bayan ɗaya, ba a gane kowa sai da murya. Farar rigar Yaya ta koma kalar gindin tukunya. Goggo ta fito ƙarshe, ta duba kiret ɗinta na ƙwai sama da ƙasa, ko ɗaya bai fashe ba. Ta kalli Injiniya ta ce tuƙi dai an iya, Allah ya isa tsakaninta da sauran.

Yaya ya tofar da baƙin yawu, ya nuna allon garejin da ke saman kansu, ya tambayi Injiniya ko ba shi ne ya ce motar nan ba za ta sake ganin ƙofar gareji ba.

"Ai da baya ta shiga, Yaya. Ba ta gani ba."

Dariyar da aka yi har ƙolin tudu an ji ta. Yaya kaɗai ne bai yi ba.

Baba ya ƙetaro titi da kofinsa, ya ajiye shi a kan bamba. Ya fizge narkakkiyar mesar ya miƙa wa mai ita. Ya zaro matatar iska, wadda ta zama wani baƙin dunƙule mai warin man zafi, ya kalle ta ya kalli Injiniya, ya jefar ya sa wata. Ya tayar da inji ya ce wa Yaya ya taka totur a hankali. Sannan ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, ya durƙusa a gaban motar yana shafa shi a jikin babban tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa inji. A ƙasan tiyon, daidai inda zoben ƙarfe ya ɗaure bakinsa, kumfa ya fara tasowa yana fashewa.

Ya kira Injiniya ya nuna masa. Ya ce turbon lafiyarsa ƙalau, yana hura iskarsa, a hanya take zubewa. Robar ta tsufa, bakinta ya tsage. In sanyi ya buge ta sai ta ƙanƙance ta yi tauri, tsagar ta buɗe, iska ta gudu, hucin da ake ji ke nan. In ta samu ɗumi sai ta yi laushi ta kumbura ta toshe kanta. Shi ya sa kullum da rana take warkewa, da magani da babu magani. Yana magana yana aiki: ya kwance zoben, ya yanke tsagaggen bakin kamar faɗin yatsa biyu, ya mayar, ya ɗaure da sukundireba. Da ya ɗauki kofinsa shayin bai gama hucewa ba.

Injiniya ya gyara murya ya ce daman abin da ya shirya dubawa ke nan gobe. Yaya ya zare makullin daga jikin mota, ya cire ɗan madaurin fata da Injiniya ya maƙala masa, ya miƙa masa madaurin, ya riƙe makullin. Ya ɗauko allon asibitin turbo daga gaban gilashi ya ɗora masa a hannu. Ya ce wa matan su shiga, da sauran minti ashirin kafin bakwai.

Yaya da kansa ya ja motar. Injiniya yana tsaye a ƙofar gareji, allo a hammata, ya ji turbo ya ɗauki fito tun daga gindin tudu. Ya kuma ji yadda Yaya ke sa giya, ƙarfe na cizon ƙarfe, har sai da ya runtse ido. Wata huɗu yana lallaɓa giyar nan bai taɓa bari ta yi ƙara ba.

A ƙafa ya koma gida. A hanya ya shirya bayani kala uku na 'yan unguwa, kowanne ya fi wani daɗi, amma ya rasa ko ɗaya da zai kai wa matarsa. Ya tarar labari ya riga shi isa. Tana tsakar gida ta ɗora ruwan wanka, ta ajiye masa sabulu da soso. Da ya fito daga wanka ta miƙa masa shayi. Ya karɓa ya zauna, ya fara cewa ai irin waɗannan turbo na zamani, in mutum ya duba da kyau...

"Sha shayinka, zai huce," in ji ta.

Ya kurɓi shayin. Yana kallo ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta na fita unguwa, ta tsaya tana neman takalmi. Ya san inda za ta, kuma ya san tabarmar da za ta zauna a kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko a gaban taron gindin tudu.

"Gidan Yaya za ki?"

"Zan jira shi ya dawo. Goggo ta aiko, ta ce ba za ta iya da tuƙinsa ba, ƙwanta biyar suka fashe kafin kasuwa. In na je, direba zan roƙar wa aiki. Direba kawai. In mota ta yi tari, sai wurin Baba."

"Ki dai ce masa ina ɗan taɓa..."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa tana kallonsa. Ya kalli kofin da ke hannunsa.

"Direba," in ji shi.

Ta sa ɗayan takalmin ta fita.